Kaya Mai Lamba Goma Sha Huɗu

4 ga Maris

Zuwa ga 'Yar Kwalba,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da mai gidanki da yaran da kika ce kin haifa ban sani ba. Ni dai da sauƙi. Gwiwa tana nan yadda take, kunnen hagu ya riga ya yi ritaya, na dama kuma yana zuwa aiki ne ranar da ya ga dama. Shi ya sa ba na riƙe waya, kada ki sake tambaya.

Takardarki ta iso ta hannun direban nan Mai Tabarau. Na ji rasuwar mahaifinki. Allah ya jiƙansa. Wannan haƙƙin mamaci ne, na sauke. Amma tunda kin ce ba ki san abin da ya shiga tsakaninmu ba, bari in gaya miki sau ɗaya, kada mu sake komawa kai.

Ranar 9 ga watan Yuni mai zuwa shekara goma sha tara ke nan cif da rabuwarmu. Kakana da kakan mahaifinki wa da ƙane ne, zumunci mai nisa, amma mun tashi tamkar 'yan ɗaki ɗaya. Da ciwon Innarki, matata, ya yi tsanani, na kai ta babban asibiti, na zuba duk abin da na mallaka a ɗakin bayan shagonsa na gyaran rediyo: kanta biyu cike da littattafai, da teburi, da tafiretata. Jinya ta ɗauki wata goma sha huɗu. Ta cinye aikina na koyarwa a kwaleji, don hutun da suka ba ni ya ƙare ban koma ba. Daga baya ta cinye Innarki. Da aka watse daga zaman makoki na hau mota in je in kwashe kayana. Daga tasha na ratsa ta kasuwar gwanjo don in rage hanya, sai ga littattafaina a ƙasa a kan tamfol, da hatimina a jikinsu, mai kayan ya danne su da takalmi kada iska ta buɗe su. Na tambaye shi inda ya samo. Ya ce, "Mai Rediyo ne ya kawo, har da kanta. Dattijo, ɗauki uku a kuɗin ɗaya, sun ishe ni." Ban ƙarasa gidanku ba. Daga nan na juya tasha. Wasiƙu uku ya aiko mini daga baya, na mayar masa da su ban buɗe ba.

Yanzu ga 'yarsa ta rubuto tana neman in taya ta sayar da tsofaffin kayan mutane a intanet. Lallai abin a jini yake. Ba mamaki kuma, tun kina shekara shida kike tsince kwalabe da gwangwanaye a bayan gida, ni na laƙaba miki sunan nan.

Na yi niyyar in mayar miki da hotunan nan shida yadda suka zo. Abin da ya hana ni shi ne bayanin da kika rubuta a ƙarƙashinsu. "Sabo dal, ba a taɓa amfani da shi ba," a kan dutsen gugar da ko a hoto ana ganin an naɗe wayarsa da salatif! Shekara ashirin da biyu ina duba rubutun ɗalibai, hannuna ba ya iya ganin ƙarya da kuskure a jimla ɗaya ya ƙyale. Na gyara da jan biro. Ƙa'idata ɗaya ce: ki fara da aibin kaya, sannan ki faɗi amfaninsa. Wanda ya karanta aibin bai gudu ba, ba zai dawo miki da kayanki ba.

Kada ki ɗauka na shiga sana'arki. Gyaran rubutu kawai na yi.

Baffanki

16 ga Maris

Baffa, ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Mu duk lafiya lau, sai ƙaramar da ke fama da haƙori. Mai gidana yana gaishe ka, ya ce in gaya maka ya ji tsoron jan biron nan tun daga nan.

Baffa, shidan nan duk sun tafi! Dutsen gugar da ya yi wata biyu a shafina ba wanda ya ko taya, kwana uku ya yi da na ɗora shi da bayaninka. Matar da ta saya ta rubuto, "Ban taɓa ganin mai kaya yana kushe kayansa ba. Aiko min, na yarda da ke." Na yi dariya har yara suka taru a kaina.

Ka ce tsofaffin kayan mutane. Ba duka ba ne. Ina bin shagunan da za su rufe, da kantunan da kaya suka yi musu kwantai suna neman wurin zuba sababbi, da ofisoshin da ke canza kujeru, da masu tashi daga gida waɗanda mota ba ta ɗauke komai ba. Ina zuwa da sassafe kafin dillalai su tsince na kirki. Abin da ke da waya ba na ɗauka sai na jona shi na ga ya kama. In na dawo in wanke, in goge, in shimfiɗa farin zane kusa da taga, in ɗauki hoto, in ɗora. Wanda ya saya in naɗe masa in kai tasha. Ido ina da shi, Baffa, baki ne ba ni da shi, sai ga shi Allah ya ba ni naka.

Maganar Baba kuwa, ba zan kare shi ba, don lokacin ban mallaki hankalina ba. Abin da na sani shi ne duk sa'ad da aka yi zancen ilimi a gidanmu sai ya ce, "Ku ba ku ga ɗan'uwana ba." A littafinsa na samo adireshinka.

Yanzu ga roƙo. Na ji babban otal ɗin nan na bakin titin garinku zai rufe, za a yi gwanjon kayansa ƙarshen wata. Ba na ce ka shiga sana'a ba. Ka leƙa kawai, ka zama idona. Kuɗin sayayya suna cikin ƙaramin ambulan. Ga kuma sanda mai ƙafar roba da na samu cikin kayan wani kantin magani. Aibinta: fentin hannunta ya goge. Amfaninta: ba ta santsi. Ka ga na koya.

Taka,
'Yar Kwalba

3 ga Afrilu

'Yar Kwalba,

Gaisuwa. Ina fatan haƙorin ya fito an huta. Gwiwata ta hau bene hawa huɗu saboda ke, tana nan tana tsine miki. Sandar ba laifi.

Na je. Ba don ke ba, zaman ɗaki ne ya ishe ni. Na tarar an nannaɗe darduma an jingine a bango, an fito da kaya babban ɗakin taro an manna wa kowanne lamba. Matasa sun yi caa a kan talabijin da firji, suna ture juna kamar ana rabon gado. Na tsaya gefe ina tunanin ashe ƙarshen kowane abu tamfol ne da lamba.

Can na hangi wata dattijuwa mai shara zaune a kan bokiti, ba wanda ya kula ta. Na gaishe ta, na ce, "Baiwar Allah, a gidan nan wane ɗaki ne ba a cika ba wa baƙi ba?" Ta ce sai dai in ɗaga murya. Na ce ni ma haka. Muka yi ta yi wa juna ihu. Ta ce tun da na'urar hawa bene ta lalace shekara uku da suka wuce, ba baƙon da ya yarda ya kwana a hawa na huɗu. "Fitilun can ko ƙwai ba a taɓa canza musu ba. Ni nake goge su, ba wanda ya kunna." Ba a ma sauko da su ba, don masu ɗaukar kaya sun ƙi hawa.

Na hau. Fitilun gefen gado goma sha biyu, butocin lantarki tara, madubai, da tawul a ƙulle cikin ledarsu. Na jona kowace buta da hannuna kamar yadda kika ce. Biyu ba su kama ba, na bar su.

Da na sauko wurin mai kula da gwanjon, wani ƙato mai tumbi da takarda a hannu, sai ya saki baki. "Malam! Ba ka gane ni ba? Ni ne wanda ka ce rubutuna kamar kaza ta taka tawada!" Na dubi takardar hannunsa na ce, "Har yanzu kazar ba ta mutu ba." Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce Malam me zai yi da butoci? Na ji kunya, amma na ce, "Sana'a muke yi da 'yata." Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Ya ba ni kayan hawa na huɗu a dunƙule, a farashin da ba zan rubuta ba kada ki yi tsammanin sata na yi. Shi da kansa ya sa aka sauko da su.

Shekara goma sha tara rabon da wani ya kira ni Malam da nufin abin da kalmar take nufi. Tela maƙwabcina yana kira na haka, amma shi ko mai faci ma Malam yake ce masa.

Kayan suna motar Mai Tabarau, da bayanin kowanne. Madubi na uku yana da tsaga a kusurwa, kada ki ɓoye ta a hoto. Na gode da sandar. Na gode da aiken ma, tunda dole sai na faɗa.

Baffanki

27 ga Afrilu

'Yar Kwalba,

Gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ni ma lafiya. Na ji fitilun sun ƙare cikin mako guda, madalla. Rabon da kika aiko mini ya yi yawa, amma na karɓa, na gyara rufin ɗakina da ke yoyo.

Hotuna ashirin ɗin da kika ce kin tattaro daga wurare daban-daban sun iso. Bayanin goma sha tara yana takarda ta biyu. Na lamba goma sha huɗu ga shi nan dabam.

"Tsohuwar tafireta ta tafiye-tafiye, baƙa, cikin akwatinta. Aibinta: harafin e yana ɗan tsallake layi ya hau sama, duk shafin da ta buga za a gane nata ne. Murfin abin juya takarda na dama ya ɓata tun da daɗewa, an maye shi da murfin kwalbar maganin tari, ja, an ɗaure da zare, kuma ya fi na asali daɗin riƙewa. A gefen hagu akwai tabon ƙuna inda fitilar ƙwai ta taɓa jingina. Ƙararrawarta ba ta da ƙarfi, ba ta tashin mai barci. Amfaninta: ba ta buƙatar wuta, ba ta mantuwa, ba ta gyara wa mutum magana. Wanda ya buga kuskure a kanta zai gan shi da idonsa har ƙarshen rayuwarsa. Ta dace da mutumin da yake tunani kafin ya rubuta."

Shi ke nan. Kayanki ne, ki yi yadda kika ga dama da su.

Baffanki

29 ga Afrilu

'Yar Kwalba,

Gaisuwa a gurguje, lafiyata ƙalau. Mai Tabarau zai tashi da hantsi.

Kada ki sayar da lamba goma sha huɗu. Tawa ce. Ita ce tafiretar da na bari a shagon mahaifinki. Murfin kwalbar nan Innarki ce ta ɗaura shi da zaren ɗinkinta. A kanta na buga takardun jarrabawa na shekara goma sha biyar, da wasiƙar neman aurenta. Ban san hannu nawa ta ratsa a kasuwannin gwanjo ba kafin ta faɗo hannunki, amma ita ce.

Shekaranjiya na gane ta tun kafin in gama zaro hoton daga ambulan. Girman kai ne ya hana ni faɗa. Na ce ba zan roƙi 'yar wanda ya sayar da kayana ta ba ni abina ba. Na rubuta bayanin yadda duk mai hankali zai gane ba daga hoto na samo shi ba, na ce in kina da ido za ki tambaya. Wannan wauta ce, kwana biyu ina jin ta a ƙirjina. Na so in sa Tela ya kira ki a wayarsa, amma shagonsa kullum cike yake, kuma maganar da na kasa gaya wa takarda sai a karo na biyu ba zan yi ihunta a gaban masu jiran ɗinki ba.

Ki ajiye mini ita. Ba ni da wani abu na Innarki ko ɗaya.

Baffanki

8 ga Mayu

Baffa, ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa, da fatan rufin ya daina yoyo. Muna lafiya. Na ba wani direba wannan, don kwana biyu ban ga Mai Tabarau a tasha ba.

Albishirinka! Lamba goma sha huɗu ta kafa tarihi. Na ɗora ta da safe da bayaninka, ko waƙafi ban taɓa ba. Kafin la'asar mutum bakwai suna rububi, har wata ta ce ita bayanin ma kawai a sayar mata. Wani mai tattara tsofaffin kaya yana fitar da su ƙasashen waje ya ninka abin da na sa, ya aiko aka ɗauka washegari. Mai gidana ya ce, "Baffanki ko tsumma ya yi wa bayani sai an yi layi." Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ka hango tabon ƙuna da maganar ƙararrawa daga hoto ɗaya. Ido ke nan! Na ce tunda ka ware ta ka yi mata ado haka, so kake ta fara tafiya, shi ya sa na sa ta a gaba.

Rabonka yana ciki. Ka sayi abin da ranka yake so.

Taka,
'Yar Kwalba

12 ga Mayu

'Yar Kwalba,

Gaisuwa. Ina raye.

Ranar 29 ga Afrilu na rubuta miki abin da ban taɓa rubuta wa kowa ba. Kwana tara bayan haka kika aiko mini da albishir. Ko ambaton roƙona ba ki yi ba. Na fahimta: wani ya ninka farashi. Mahaifinki ya sayar da ita sau ɗaya, ke kin cika na biyu, da bakina kuma kika yi tallarta.

Ga ambulan ɗinki nan yadda ya zo. Kada ki sake aiko mini da hoto.

Baffan da kika sani

25 ga Mayu

Baffa,

Ina gaisuwa. Ban san yadda zan tambayi lafiyarka ba bayan abin da na yi. Mu muna nan, amma ni ba na iya cin abinci.

Wallahi, Baffa, wasiƙarka ta 29 ga Afrilu jiya ta shigo hannuna. Ta 12 ga Mayu ce ta fara isowa, na karanta sau biyar ban gane wane roƙo kake nufi ba. Na yi ta sintiri a tasha har aka gaya mini motar Mai Tabarau ta buga inji a hanya, tana gareji mako uku. Na bi shi har can. Wasiƙar tana aljihun ƙofar mota tare da tsumman goge gilashi. Ya rantse ya yi ta ba ni haƙuri. Ga ambulan ɗin nan na haɗo maka, ka ga baƙin man da ya sha.

Na kira mutumin da ya saya tun ina tsaye a garejin. Na ce zan mayar masa da abinsa har da ƙari. Ya ce da na kira kwana goma da suka wuce da an dace. An rufe ta cikin kaya masu yawa, jirgin ruwa ya tashi, can kuma a dunƙule yake sayarwa, bai san hannun da za ta faɗa ba. Na roƙe shi har na yi kuka. Ya ce ba abin da zai iya.

Akwai abin da ya fi wannan, Baffa. Tafiretar nan ba daga gwanjo na samo ta ba. Daga ɗakin bayan shagon Baba ta fito. Wanda ya ba shi hayar shagon ya ce mu kwashe kayan Baba zai ba wani haya, sai na haɗa abin da ya rage da sauran kayana. Tun ina yarinya tana saman kwabarsa, a naɗe cikin tsohuwar rigarsa. Duk bayan 'yan watanni sai ya sauko da ita, ya busa mata iska, ya ɗiga mata man keken ɗinki, ya danna haruffan ɗaya bayan ɗaya, ya mayar. In mun tambaya sai ya ce, "Ajiya ce, mai ita zai zo." Ni na ɗauka ta wani ce da ya kawo gyara ya manta. Umma ce za ta sani, ita kuma ta riga shi tafiya. Shi ma faɗuwa ɗaya ya yi a shago, bai samu yin wasiyya ba.

Da na koma gida na zazzage akwatinsa. A ƙasa na samu wasiƙu uku da sunanka, da rubutunka a baya: "A mayar wa mai ita." Ban buɗe ba. Ga su nan. In ka ga dama ka sake mayarwa, amma wanda za a mayar wa ba ya nan.

Ka ce in ina da ido zan tambaya. Gaskiyarka. Na ga abin mamaki a bayanin nan, maimakon in tsaya sai na yi murna. Ka yafe mini.

Taka ko ka ƙi,
'Yar Kwalba

9 ga Yuni

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa. Ina fatan kin koma cin abinci, in ba haka ba ki fara yau, umarni ne. Ki gaishe da mai gidanki da yara. Gwiwa da sauƙi. Kunne yana nan yadda yake, amma na gano ba shi ne kurman da ya fi cutar da ni ba.

Wasiƙun sun yi kwana goma a kan teburina ina zagaye su. Yau da safe na buɗe, tunda ranar ce.

Rubutun mahaifinki bai taɓa kyau ba. Jan biro yana kusa da hannuna, ban taɓa shi ba. Ta farko layi tara ce. Ya ce a wata na goma na jinya Innarki ta aiko masa da saƙo ta bakin wata mai jinya da aka sallama: likita ya ce sai an yi aiki, hannuna ya ƙare, kuma ta san ko zan mutu ba zan sayar da littafi ɗaya ba. Ta ce ya sayar da kanta da teburi da littattafan, ya aiko a ce gudunmawar dangi ce. Ta ce, "Ban da tafireta. In ka taɓa ta ban yafe ba." Ta kuma sa shi alkawarin ba zai gaya mini ba sai ta warke ta faɗa da bakinta.

Na tuna ambulan ɗin. Na tuna har na ce wa Innarki ashe dangi suna da rana, ta juya fuska bango. Aikin nan ya ƙara mata wata huɗu. A cikinsu ne ta samu ta zauna, ta ci abinci da hannunta, muka yi hirar da ba mu taɓa yi ba. Ban san da littattafaina aka saya mini su ba. Da an tambaye ni a lokacin, da na yi gardama, ta san ni.

Ta biyu cewa ya yi in zo in ɗauki tafiretata, tana nan lafiya. Ta uku layi ɗaya ce: "Ɗan'uwa, ko ba za ka yi mini magana ba, ka zo ka ɗauka, zan fita daga shagon har ka tafi."

Ba ki da laifin da zan yafe. Ke hoto kika aiko wa mutumin da kika amince da shi, shi kuma ya ba ki ƙa'idar a fara da faɗin aibi, sannan ya ɓoye nasa. Wasiƙata ta 12 ga Mayu ki yaga ta. Irinta na yi wa mahaifinki, sai dai shi ko rubutawa ban yi ba. Ke kin bi sawu har gareji. Da kin yi zuciya irin tawa, da na mutu ina zagin mutumin da ya yi shekara goma sha tara yana ɗiga wa ajiyata mai. Na gode. Na gode da sandar, da hawa na huɗu, da kika sa aka sake kira na Malam. Wanda ya fi duka, na gode da ba ki buɗe wasiƙun ba kuma ba ki jefar ba.

Ki dawo da ambulan ɗin nan da na mayar, zan karɓa. Ki aiko da hotuna. Ɗalibina mai tumbi ya leƙo ya ce wani kantin kayan ɗaki zai rufe ƙarshen wata, akwai kujerun da rana ta ɗan ci fentinsu ta taga, sauran jikinsu lafiya. Zan je da sassafe. In an gama ina so in biyo kayan a motar Mai Tabarau, in ta yarda ta kai mu, ki nuna mini inda aka sa mahaifinki.

Kin tambayi mai sayen ko akwai abin da za a iya, ya ce babu. Kada ki sake kiransa. Tafiretar ta tafi. Tsakanin tashar garinku da shagon mahaifinki tafiyar minti goma ce, ban yi ta ba, kuma ya rasu ranar 11 ga watan Oktoba yana jira.

Baffanki